Daga Raize Zuwa Sequoia: Yadda Za Ka Rarrabe Motocin Jif na Toyota Bisa Girmansu

A bakin yawancinmu, duk motar da ta ɗaga daga ƙasa, bayanta ya tashi a tsaye, sunanta jif. Sunan ya fito ne daga Jeep ta Amurka, ya bi bakin mutane har ya zama sunan kowace mota mai wannan siffa, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu. A Nijar kuma sai ka ji ana cewa kat-kat. A wajen hira wannan suna guda ya wadatar, amma ranar da mutum zai ƙirga kuɗinsa ya miƙa wa dillali, ranar ce zai gane ƙarancinsa. Kamfanin Toyota kaɗai yana da irin waɗannan motoci fiye da goma. Mafi gajarta a cikinsu ba ta cika mita 4 ba, mafi tsawo kuwa ta haura mita 5 da kwata, kuma duk jif muke ce musu.

Na zaɓi Toyota ne saboda ita ta cika titunanmu, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta. Amma wanda ya iya rarrabe nata zai iya rarrabe na Honda ko Hyundai ko Nissan, don ma'aunin ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu da muhimmanci wani abu ne da ya faru a gidan kawuna. Ya yi ritaya, ya ce yana son motar da za ta kwashe iyalinsa zuwa ƙauye ranar Sallah a sawu ɗaya. Wani ya kira shi a waya ya ce an samu Sequoia ta 2010 mai tsabta, kuma ta fi Land Cruiser girma. Jin haka sai kawu ya biya. Ina tsaye aka kawo ta da la'asar. Garejin gidan tun zamanin Fijo 504 aka gina shi, zurfinsa mita 5 cif. Direba ya shiga da baya a hankali, yaro yana buga masa gefen mota yana cewa taho, taho, har bambar baya ta taɓa bango. Muka zagayo gaba, sai ga hancin motar ya leƙo waje da taƙi guda. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, ashe ita ma mota aunata ake yi kamar yadi?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu." Sai da aka kira magini ya fasa bangon baya. Motar lafiyarta ƙalau, ba a cuce shi a kanta ba. Tef ɗin awo na 'yan nairori ne kawai ba a tuna da shi ba.

Don haka kayan aikinka uku ne: tef mai tsawon mita 7 ko fiye, tocila, da takardar da za ka rubuta lambobi.

Fara da leƙa ƙarƙashi

Kafin ka tambayi girman mota, ka tambayi yadda aka gina ta, domin jif iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙera mata shasi daban, wato manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya kamar tsani kwance, aka ɗora inji da tayoyi a kansa, sannan aka kawo bodi aka ɗaure da kusoshi. Haka ake gina a-kori-kura da manyan motoci, kuma haka aka gina Land Cruiser da Prado da 4Runner da Fortuner da Sequoia. Akwai kuma wadda bodinta da ƙasanta abu guda ne, an haɗe su da walda tun a masana'anta, kamar Camry ko Corolla. Wannan ita Turawa suke kira kurosoba, wato wadda ta ɗauko siffar jif ta ɗora a kan ginin ƙaramar mota. RAV4 da Highlander da Venza da C-HR da Corolla Cross duk nan suke.

Gane su ba wuya. Durƙusa a gefen motar, tsakanin tayar gaba da ta baya, ka haska tocila. In ka ga ƙaton ƙarfe mai kusurwa huɗu ya miƙe a ƙasan bodi, da 'yar rata a tsakaninsu, da wasu robobi masu kauri inda aka ɗaure su, to mai shasi ce. In kuwa ka ga ƙasan a shafe yake, ya haɗe da gefen motar ba tare da rabuwa ba, kurosoba ce. Sannan ka buɗe bonet. A kurosoba ta Toyota inji a gicciye yake kwance, domin tayoyin gaba ne suke yin yawancin jan. A mai shasi kuwa injin ya miƙe ne daga gaba zuwa baya.

Dalilin da ya sa na ce a fara da wannan shi ne, awo kaɗai yana iya ruɗar mutum. Highlander ta 2020 tsawonta mita 4.95, tazarar da ke tsakanin tayarta ta gaba da ta baya mita 2.85. Land Cruiser 200, wadda muke kira V8, ita ma tsawonta mita 4.95 ne, tazarar tayarta mita 2.85. A takarda kamar tagwaye. Amma Highlander a kan harsashi ɗaya take da Camry, nauyinta wajen tan biyu, an yi ta ne don kwalta da kai yara makaranta. Land Cruiser ta haura tan biyu da rabi, tana da ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga rairayi, kuma ita ce irin motar da ake ratsa Sahara da ita. Wanda ya jera su aji ɗaya don tsawonsu ya zo ɗaya, zai ga bambancin ranar da damina ta yanke hanyar ƙauyensu.

Sai ka tabbatar da shekara

Mota tana girma kamar ɗan mutum. Duk bayan wasu shekaru kamfani yakan sake mata ƙira, kuma kusan kullum sabuwar takan fi tsohuwar tsawo da faɗi, alhali suna bai canza ba. RAV4 ta farko ta fito a 1994, mai ƙofa uku tsawonta wajen mita 3.7 ne, mai ƙofa biyar ma ba ta kai mita 4.2 ba. RAV4 ta 2019 kuwa mita 4.6 ce. Ke nan in wani ya ce maka yana da RAV4, bai gaya maka girman motarsa ba tukuna. Haka Highlander: ta farko, wadda ta shiga kasuwa a matsayin ƙirar 2001, ba ta cika mita 4.7 ba, wato da kaɗan ta ɗara RAV4 ta yanzu. Ta 2008 ta kai kusan mita 4.8, ta 2014 ta ƙara, ta 2020 ta tsaya a 4.95.

Har wa yau, ƙira ɗaya tana iya zuwa da tsawo biyu gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 misali ce mai kyau, kuma tana da yawa a kasuwanninmu. Wadda aka kai Amurka doguwa ce, wajen mita 4.6, har akwai mai sahu uku na kujeru da mai inji silinda shida. Wadda aka kai Turai gajera ce, wajen mita 4.4. Ka ga 'yar Amurka da 'yar Beljiyam, shekara ɗaya, suna ɗaya, amma taƙi guda ne tsakaninsu.

Kada ka dogara da fitilu ko bamba wajen gane shekara, don kowa ya san yadda ake sauya wa tsohuwar mota fuska ta koma kamar sabuwa. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, akwai wata da shekarar ƙira a kai. Sannan ka karanta lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ake gani ta gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekara. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9. Daga 2010 sai haruffa: A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017, sannan a tsallake I a tafi J ta 2018, K ta 2019, L ta 2020.

Awon da za ka ɗauka

Tsawo shi ne na farko, daga ƙarshen bambar gaba zuwa ƙarshen ta baya. In motar tana da safaya a rataye a ƙofar baya, kamar tsofaffin RAV4 da wasu Prado, ka auna har da ita, domin gareji bai san bambanci ba. Na biyu tazarar taya, daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya. Wannan awo ya fi tsawo faɗin gaskiya game da sararin ciki, saboda tsakanin tayoyin nan ne mutane suke zama. Na uku faɗi, kuma ka auna har da madubai in lungunku matsattse ne. Na huɗu ratar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. In bayanin motar da inci ya zo, kamar yadda Amurkawa suke rubutawa, ka ninka da 2.54 ya ba ka santimita.

Babu wata doka ta duniya da ta yanke iyakar kowane aji. Turai suna amfani da haruffa, B da C da D. Hukumar kare muhalli ta Amurka da nauyi take rabawa, gida biyu kacal, iyakarsu fam 6,000 na nauyin mota da cikakken lodinta. Japan kuma tana da nata ma'aunin, inda ƙaramar mota ba ta wuce mita 4.7 a tsawo da mita 1.7 a faɗi. Abin da 'yan kasuwa da masu rubutu kan motoci suka fi bi shi ne aji huɗu, kuma shi zan bi a nan.

'Yan auta: ƙasa da mita 4.5

Raize ce ƙaramarsu, mita 3.995, ta fito a 2019, kuma Daihatsu ne yake ƙera ta. Sai Yaris Cross mai mita 4.18, sai C-HR ta 2016 mai wajen mita 4.36, sai Corolla Cross ta 2020 mai mita 4.46, wadda ake haɗawa har a Durban ta Afirka ta Kudu. Mutum huɗu suke ɗauka cikin daɗi, na biyar sai an matsa. Ba su da shan mai, ba su da wuyar ajiyewa. Sai dai a lura da C-HR: kyanta a ido ya fi aikinta, bayanta a matse yake, tagoginta na baya ƙanana ne, cikinta bai ɗaga daga ƙasa sosai ba, kuma wadda aka sayar a Amurka tayoyin gaba kawai take ja. Corolla Cross tazarar tayarta ɗaya da ta C-HR, mita 2.64, amma ta fi ta wurin kaya nesa ba kusa ba. A wannan aji ni ita nake zaɓa wa mai ƙaramin iyali.

Rush ta shigo nan da tsawonta, wajen mita 4.4, amma kujera bakwai gare ta. Ita ce hujjar cewa yawan kujeru ba ya nuna aji.

Ƙanana: mita 4.5 zuwa 4.7

Wannan gidan RAV4 ne tun daga doguwar 2006 zuwa yau. Yawanci sahu biyu, mutum biyar, but mai ɗaukar buhun shinkafa biyu da jakunkuna ba tare da an kwantar da kujera ba. Ta 2019 tazarar tayarta mita 2.69. Ba na jin akwai buƙatar dogon bayani a kanta, kowa ya san ta.

Matsakaita: mita 4.7 zuwa 5

A nan kasuwa ta fi cika, a nan kuma aka fi rikicewa, don haka a nan leƙen ƙarƙashin nan yake biyan mai shi. Ka raba ajin gida biyu.

A ɓangaren kurosoba akwai Venza da Highlander. Venza ta farko, ta 2009 zuwa 2015, wadda aka ƙera a Kentucky, tsawonta mita 4.8 ne, sahu biyu kawai, faffaɗa, mai laushin tafiya. Da gaskiya Camry ce aka ɗaga aka yi mata rufin jif. Venza ta biyu, ta 2021, wata mota ce daban: Harrier ce ta Japan aka sauya wa suna, tsawonta mita 4.74, tazarar tayarta daidai da ta RAV4, mai haɗa fetur da lantarki. Wanda ya saba da faɗin tsohuwar ya sayi sabuwar ba tare da ya shiga ciki ba, zai ji kamar an rage masa ɗaki. Highlander kuwa, wadda a Ostareliya ake kira Kluger, sahu uku take da shi a yawancin waɗanda ake kawowa, amma sahun baya na yara ne. Ka sa babban mutum a can daga Kano zuwa Abuja, zai sauka gwiwoyinsa suna ciwo. Kuma in an ɗaga sahun nan na uku, abin da ya rage na but bai wuce wurin jaka biyu ba. Wannan ƙorafin ne ya sa Toyota ta fito da Grand Highlander a 2023, mai tsawon kusan mita 5.12 da tazarar taya mita 2.95. Tsawonta ya tsallaka iyakar manya, amma gininta na kurosoba ne, kuma a Amurka cikin matsakaita ake lissafa ta.

A ɓangaren masu shasi akwai Fortuner da 4Runner da Prado. Fortuner 'yar gidan Hilux ce, shasinsu ɗaya asali, ta fara fitowa a 2005, ta yanzu tsawonta wajen mita 4.8, tazarar tayarta mita 2.745. Tana da ƙarfin hali a hanyar burji, amma tana da girgiza irin ta a-kori-kura. 4Runner ta 2010 zuwa 2024 da Prado 150 ta 2009 'yan uwan juna ne na kusa, tazarar tayarsu mita 2.79, tsawonsu wajen mita 4.8. Abin lura, Highlander ta 2008 zuwa 2019 ita ma tazarar tayarta mita 2.79 ce. To ka zauna a cikin su ukun ka gani: Highlander ta fi su sarari, domin shasi yana cin wuri, yana ɗaga daɓen mota sama, sai ƙafafun na baya su rasa inda za su miƙe. Mai shasi tana biyanka da juriya, tana karɓar sarari da mai a madadinsa.

Wani abu da ya kamata mai sayen 'yar Amurka ya sani: sabuwar Prado, wato 250, mai tazarar taya mita 2.85, a Amurka Land Cruiser kawai aka rubuta mata tun daga ƙirar 2024, babu kalmar Prado a jikinta. Matsakaiciya ce, ba ita ce magajiyar V8 ba. Kada a karɓi kuɗin babba a hannunka a ba ka ƙanwarta.

Manya

Biyu ne: Land Cruiser da Sequoia. Land Cruiser ba ta cika mita 5 ba, amma faɗinta na kusan mita 2, da nauyinta, da ƙarfin abin da take iya ja, su suka kai ta wannan aji. Tun daga ƙirar 80 ta farkon shekarun 1990, zuwa 100, zuwa 200 ta 2007, zuwa 300 ta 2021, Toyota ba ta taɓa tazarar tayarta ba, tana nan a mita 2.85. Sun bar ta haka ne domin motar da tayoyinta suka yi nisa da juna cikinta yakan daki tudu in tana hawa. A 300 an ajiye inji silinda takwas, an koma silinda shida mai turbo biyu, na fetur lita 3.5, na dizal lita 3.3.

Sequoia kuwa don faffaɗan titunan Amurka aka yi ta, a kan shasin a-kori-kurar Tundra. Ta 2008 zuwa 2022 tsawonta wajen mita 5.2, tazarar tayarta mita 3.1, faɗinta ya ɗan haura mita 2, kuma yawancinsu da inji silinda takwas mai lita 5.7 suke zuwa. Ta 2023 ta ƙara tsawo zuwa kusan mita 5.29. A duk motocin da na lissafa, irin ta kawuna ce babban mutum zai zauna a sahunta na uku ya miƙe ƙafa. Kuɗin wannan sarari a gidan mai ake biyansa, da kuma duk lokacin da za a juya ta a cikin lungu.

Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 kuma ƙungiyoyin agaji da masu aiki a daji suke ji da ita, ba na sa ta a wannan jeri. Motar aiki ce, tana zuwa gajera da doguwa da a-kori-kura, hukuncinta daban.

In ka fahimci na Toyota, na Lexus ya zo maka a sauƙaƙe, tunda gida ɗaya ne: NX tana gefen RAV4, RX tana gefen Highlander, GX Prado ce, LX kuma Land Cruiser.

Yadda za ka yi amfani da wannan a filin sayar da motoci

Tun daga gida ka auna zurfin garejinka da faɗin get ɗinka, ka rage aƙalla rabin mita a tsawo don buɗe but da wucewar mutum. Ka ƙirga mutanen da za su riƙa shiga motar kullum, ban da na ranar biki. Ka tuna hanya mafi muni da kake bi a shekara, da sau nawa kake bin ta. Mai zama cikin gari da 'ya'ya uku, RAV4 ko tsohuwar Venza ta ishe shi. Mai 'ya'ya biyar ko shida ƙanana, Highlander. Wanda aikinsa yake kai shi ƙauyuka da damina, ko yake bin rairayin arewacin Nijar, ya nemi mai shasi ko da ta fi tsufa. Abin da na fi gani yana cutar mutane shi ne sayen Prado don a gan su a ciki, alhali tayarta ba za ta taɓa sauka daga kwalta ba, sai kuɗin mai da na taya su riƙa cin albashi.

In ka isa filin, dillali zai ce maka, "Alhaji, ai wannan babbar jif ce, shiga ka ji." Ka shiga ɗin, amma ka fara da sahun ƙarshe. Ka zauna, a rufe ƙofa, ka ga inda gwiwarka ta tsaya. Ka fito a buɗe but alhali duk kujeru suna tsaye. Sannan ka durƙusa da tocilarka, ka karanta harafi na goma na lambar shasi, ka ja tef daga bamba zuwa bamba, ka gwada da lambar garejin da ka rubuto daga gida kafin a fara maganar kuɗi.